Abin da ya ci Doma: Me ya sa kwamfutar ko-ta-kwana ke mutuwa tare da ta ainihi?

Da safiyar ranar Talata, 4 ga watan Yunin 1996, rokar Ariane 5 na tsaye a kan dandamalinta a garin Kourou da ke yankin Guiana na Faransa, a Kudancin Amurka. Tsawonta ya haura mita 50. Ƙasashen Turai sun kwashe kusan shekara goma suna ƙera ta, kuma ranar ce za ta yi tashinta na farko.

A cikinta akwai taurarin ɗan'adam guda huɗu da ake kira Cluster, waɗanda masana kimiyya suka yi shekaru suna haɗawa domin nazarin yadda iskar da rana ke fesowa take karo da maganaɗisun duniya.

Yanayin gari bai yi kyau ba da farko, sai da aka jinkirta tashin da kusan awa ɗaya. Da misalin ƙarfe 9:34 aka kunna injin, rokar ta ɗaga lafiya lau. Daƙiƙa 36 na farko komai ya tafi yadda aka tsara. A ta 37 sai ta karkace da ƙarfi, kamar motar da aka murɗa wa sitiyari har ƙarshe tana tsakiyar gudu. Iska ta fara yayyaga ta, sannan na'urar da aka ɗora mata domin ta tarwatsa kanta idan ta fara wargajewa ta yi aikinta. A tsayin kimanin mita 3,700 Ariane 5 ta zama curin wuta, tarkacenta ya watsu cikin fadama da daji.

Babu wanda ya rasa ransa, domin ba ta ɗauke da mutane. Amma dukiyar ɗaruruwan miliyoyin daloli ta ƙone cikin ƙasa da minti ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, na'urar da ta jawo haɗarin ba ita kaɗai ba ce a cikin rokar. Guda biyu aka saka, don idan ɗaya ta samu matsala ɗayar ta karɓi aiki nan take. Dukkansu suka mutu, kuma ta ko-ta-kwanan ce ma ta riga mutuwa.

Shekaru kusan 30 ke nan da faruwar lamarin, amma har yanzu ana koyar da shi a jami'o'i, domin irin wannan cuta ce ke kwantar da bankuna da asibitoci da filayen jiragen sama da layukan waya a yau.

Buhu a cikin mudu

Kowace roka na buƙatar sanin inda take, inda ta dosa, da irin gudun da take yi. Abin da ke faɗa mata haka wani akwati ne mai ɗauke da na'urorin awon motsi da 'yar ƙaramar kwamfutarsa. Shi ne idonta. Yana aika abin da ya auna zuwa ga babbar kwamfutar da ke riƙe da linzami, ita kuma ta karkata bakin injin dama ko hagu.

Irin wannan akwati ne Ariane 5 ke da guda biyu. Sai da aka sha wahala kafin a tsamo su daga cikin fadama, aka karanta abin da suka ajiye a ƙwaƙwalwarsu. Kwamitin bincike ƙarƙashin jagorancin masanin lissafi ɗan Faransa, Jacques-Louis Lions, ya fitar da rahotonsa cikin makonni shida, kuma abin da ya gano ƙarami ne matuƙa idan aka kwatanta da ɓarnar da ya yi.

Kwamfuta na ajiye kowace lamba ne a cikin gurbi mai iyaka, kamar yadda mudu ke da iyakar hatsin da zai ɗauka. Akwai babban gurbi da ake kira mai bit 64, akwai kuma ƙarami mai bit 16, wanda irin da aka yi amfani da shi a nan ba ya ɗaukar lambar da ta haura 32,767. A wani wuri cikin manhajar akwatin, ana kwashe wata lamba mai alaƙa da gudun rokar a kwance daga babban gurbin zuwa ƙaramin.

Manhajar ba sabuwa ba ce. An gado ta ne daga Ariane 4, rokar da ta yi shekaru tana tashi, kuma a cikinta wannan lamba ba ta taɓa cika mudun ba. Sai dai Ariane 5 ta fi yayarta ƙarfi, gudunta a kwance yana ƙaruwa da saurin da ya ninka na waccan har sau biyar. A daƙiƙa ta 37 lambar ta fi ƙarfin gurbin. An juye buhu a cikin mudu.

Ba sakaci tsagwaronsa ba ne. Injiniyoyin sun san akwai wurare bakwai da irin wannan ambaliya za ta iya faruwa. Sun sa wa huɗu kariya, suka bar uku, saboda kowace kariya na ƙara wa kwamfutar nauyi, kuma an gindaya musu sharaɗin kada aikinta ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta. Sun yi lissafi sun ga ukun nan ba za su taɓa cika ba. Lissafin daidai ne, amma na Ariane 4 ne. Ba a sake yin sa da hanyar da sabuwar rokar za ta bi ba, ba a kuma gwada akwatin da bayanan wannan hanya ba.

Abin takaicin ma, sashen manhajar da ya faɗi ba shi da wani amfani bayan rokar ta bar ƙasa. Aikinsa shi ne daidaita akwatin kafin tashi. A zamanin Ariane 4 an bar shi yana ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan haka, domin idan aka dakatar da ƙirga a daƙiƙun ƙarshe kada a sake jiran minti 45 ana saiti. Sau ɗaya tak aka taɓa cin moriyar wannan dabara, a 1989. Ariane 5 ba ta buƙatar ta sam, amma aka bar ta bisa tunanin cewa abin da ke aiki lafiya ba a taɓa shi.

To me ya sa akwati na biyu bai ceci rokar ba? Saboda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: ƙira ɗaya, manhaja ɗaya, kuma lamba ɗaya suke aunawa a lokaci ɗaya. Na ko-ta-kwana ya kashe kansa, bayan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa na ainihin ya bi shi. Da babbar kwamfutar ta waiwaya neman mai karɓar aiki, sai ta tarar da gawa.

Kafin ya yi shiru, akwatin na ainihi ya aika saƙon da ke bayanin ciwon da ya same shi. Babbar kwamfutar ta ɗauki saƙon a matsayin awon tafiya, ta ga kamar rokar ta kauce hanya sosai, sai ta murɗa bakin injinan har ƙarshe domin gyara karkatar da babu ita.

Lissafin da ke yaudara

Hikimar ajiye abu biyu ba ta buƙatar digiri. Direban da zai yi doguwar tafiya yana duba tayar da ya ajiye a but. Mai shagon da ke sayar da ƙanƙara yana da janareta. Mutane da yawa na yawo da layin waya biyu, wasu har uku, don idan sabis ɗin wannan ya ɗauke su koma wancan.

Masu ƙera kwamfuta sun mayar da wannan hikima lissafi. A ɗauka wata na'ura tana lalacewa rana ɗaya cikin kowane kwana 100. Idan aka ajiye guda biyu, damar su lalace a rana ɗaya ita ce ɗaya cikin 10,000, wato kusan sau ɗaya a shekara 27. Da ƙarin na'ura ɗaya kawai, matsalar da ake gani sau uku ko huɗu a shekara ta koma abin da mutum zai iya gama aikinsa ya yi ritaya bai gani ba.

Sai dai lissafin na da sharaɗi guda, wanda ake yawan mantawa: dole ya zamana abin da ke kashe ta farko ba shi da hanyar isa ga ta biyu. Wannan gaskiya ne idan ana maganar ƙarfe da waya, domin tsatsa ko ƙonewar wani ɗan sashe kan zo wa kowace na'ura a ranarta. Manhaja kuwa ba ta tsatsa. Idan akwai kuskure a cikinta, yana nan a kowane kwafi tun ranar da aka rubuta ta, yana jiran lambar da za ta tashe shi. Kwafi biyu ko dubu, duk kanwar ja ce.

Kuma ba manhaja kaɗai ba. Duk wani abu da na'urori biyu suka yi tarayya a kansa zai iya zame musu ajali ɗaya: wutar da suke sha, ɗakin da aka ajiye su, ma'aikacin da ke kula da su, ko hanyar da wayarsu ta bi.

Mazauna Afirka ta Yamma sun ɗanɗana wannan a ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024, a makon farko na azumi. Kusan duk abin da yankin ke aikawa ko karɓa daga sauran duniya ta intanet yana bi ne ta wasu wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda a can cikin zurfi kaurinsu bai wuce na tiyon ban-ruwa ba. A wannan rana guda huɗu daga cikinsu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace kusan lokaci guda a tekun da ke gaban Abijan, a Kwaddibuwa. Kamfanin MainOne ya ce bincikensa na farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku.

Masu wayoyin daban-daban ne, an kuma shimfiɗa su a shekaru daban-daban. Kamfanin sadarwar da ya sayi hanya a kan biyu ko uku daga cikinsu yana da hujjar ganin ya yi shirin ko-ta-kwana. Amma dukkansu ta yanki ɗaya suka ratsa, inda akwai wani ƙaton kwazazzabo a ƙasan teku.

Intanet ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya a Kwaddibuwa, ya yi rauni ƙwarai a Laberiya da Benin da Ghana da Burkina Faso. A Najeriya bankuna da dama sun riƙa aika wa abokan hulɗarsu saƙon ban-haƙuri, kuɗi suka riƙa maƙalewa, mai layi biyu ya riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya ga wani bambanci na kirki ba. Hanyar gabashin Afirka da za a iya karkatawa ita ma tana ɗingishi, domin wasu wayoyi uku sun lalace a Bahar Maliya a ƙarshen watan Fabrairu. Daga cikin abin da ya rage zafin lamarin akwai wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta iso Legas a 2022 kuma ba ta da mashiga a Abijan. Gyaran sauran kuwa sai da ya ɗauki makonni, saboda jiragen ruwan da ke wannan aiki 'yan ƙalilan ne kuma daga nesa suke tasowa.

Minti 78

Watanni huɗu bayan haka, ranar Juma'a 19 ga watan Yuli, duniya ta ga yadda abin yake idan kwafin ya kai miliyoyi.

CrowdStrike kamfani ne na Amurka da ke sayar da manhajar tsaron kwamfuta ga manyan kamfanoni da hukumomi. Manhajar tana zama ne a can cikin zuciyar Windows domin ta ga duk wani motsin masu kutse, kuma kamfanin kan aika mata sabbin bayanai ta intanet a kai a kai. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya ya aika wani ɗan ƙaramin fayil. Da ƙarfe 6:27 ya janye shi. A cikin waɗannan mintuna 78, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin kamfanin Microsoft, suka koma shuɗin allo suka ƙi tashi.

Kuskuren ɗan'uwan na Ariane ne. An tsara manhajar ta duba bayanai 21, amma 20 ake miƙa mata. Watanni ana aiki haka lafiya domin ba a taɓa neman na 21 ɗin ba. Sabon fayil ɗin ya nema, manhajar ta miƙa hannu inda babu komai, Windows ta tsaya cak. Aka kashe aka kunna, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa. Ita kanta na'urar kamfanin da ke tantance irin waɗannan fayiloli kafin a aika su tana da nata kuskuren, shi ya sa ta bar shi ya wuce. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Miliyan 8.5 bai kai kashi ɗaya cikin 100 na kwamfutocin da ke amfani da Windows ba, amma su ne ke zaune a wuraren da suka fi muhimmanci. An ɗage ayyukan tiyata a wasu asibitocin Amurka da Jamus. Likitocin unguwanni a Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya. Tashar Sky News ta ɗauke na ɗan lokaci. A Indiya an koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, ya kuma maka CrowdStrike a kotu, ko da yake shi CrowdStrike ya ce jinkirin farfaɗowar Delta laifinsa ne.

Irin waɗannan manyan kamfanoni na kashe maƙudan kuɗi wajen ajiye kwamfutocin ko-ta-kwana, wani lokaci ma a wani gari daban. Amma tsari ya tanadi a sa wa kowace kwamfuta manhajar tsaro, har da na ajiyar. Fayil ɗin bai tambayi wace ce ta ainihi ba.

Janye shi kuma bai tashi waɗanda suka riga suka faɗi ba, domin kwamfutar da ta kasa tashi ba ta iya karɓar gyara ta intanet. Sai da ma'aikata suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu suna goge fayil ɗin.

Abin da ya fi ba masana haushi shi ne maganin sananne ne kuma mai araha. Ana fara tura sabon abu ne ga 'yan kwamfutoci kaɗan, a jira a ga ko sun rayu, sannan a faɗaɗa, kamar yadda mai girki ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi. A wancan lokacin CrowdStrike na yin haka da ita kanta manhajar, amma irin waɗannan fayiloli ya riƙa tura su ne ga kowa lokaci guda. Bayan lamarin ya yi alƙawarin sauya tsarin.

Kwamfuta ta biyar

Idan kwafi iri ɗaya ba ya ceto, sai a nemi wanda ba iri ɗaya ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi wannan tunani tun a shekarun 1970, lokacin da take ƙera kumbon Space Shuttle mai zuwa ya dawo.

Kwamfutoci biyar aka sa masa. Huɗu na ɗauke da manhajar da kamfanin IBM ya rubuta, suna yin lissafi ɗaya suna kwatanta amsa, idan ɗaya ta saɓa sauran su rinjaye ta. Wannan ya magance lalacewar ƙarfe. Ta biyar kuwa manhajarta daban ce, wani kamfanin ne, Rockwell, ya rubuta ta da mutanensa, don idan akwai kuskuren da zai kayar da huɗun a tare ita ta tsira. Kamfanin Airbus ma ya bi irin wannan hanya a jirginsa A320: kwamfutocin da ke sarrafa fukafukansa gida biyu ne, masu ƙira daban da manhaja daban.

Sai dai kowane ƙari na zuwa da nasa nauyin. Ranar 10 ga watan Afrilun 1981, ana saura kimanin minti 20 kumbon Columbia ya yi tashinsa na farko, kwamfuta ta biyar ta kasa daidaita lokacinta da sauran huɗun, dole aka fasa tashi sai bayan kwana biyu. Tsarin da aka gina don kariya shi ne ya fara hana tafiya.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, John Knight da Nancy Leveson, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ba ɗalibai a jami'o'i biyu aiki ɗaya, kowa ya rubuta tasa manhajar ba tare da ya ga ta wani ba, aka samu guda 27. Aka gwada su sau miliyan ɗaya. Manhajojin sun yi kyau, amma inda suka yi kuskure sun riƙa yin sa a tare fiye da yadda lissafi ya yi hasashe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wurin da ke da wuya ga wannan, yana da wuya ga wancan, kuma malamai iri ɗaya ne suka koyar da su.

Don haka bambanta ƙira na rage haɗari, amma ba ya kawar da shi. Tambayar da ta rage ita ce, idan kuskuren ya zo duk da haka, me na'urar za ta yi?

Ƙararrawa ta 1202

Akwatin Ariane an umarce shi ne da ya kashe kansa da zarar ya ga matsala. Masu ƙirar sun ɗauka duk matsalar da za ta taso ta ƙarfe ce, don haka gara marar lafiya ya kauce ya ba mai lafiya wuri.

Tsayawa cak ba kullum take zama kuskure ba. Na'urar cirar kuɗi da ta rikice gara ta rufe da ta riƙa zubo kuɗin da ba a nema ba. Fitilar layin dogo an ƙera ta ne yadda idan ta lalace za ta tsayar da jirgi. Amma mota ce ke da gefen titi da za ta gangara. Roka ba ta da shi.

Shekara 27 kafin haɗarin Kourou, wata kwamfutar ta shiga irin wannan hali ta yi akasin haka. Ranar 20 ga watan Yulin 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na gangarowa zuwa doron wata a cikin ƙaramin kumbon Apollo 11. Suna kimanin kilomita 10 daga ƙasa sai ƙararrawa ta kaɗa, lamba 1202 ta bayyana a allo. Armstrong ya nemi cibiyar Houston ta faɗa masa ma'anarta.

Kwamfutar kumbon ba ta kai ko kusa da wayar da ake karanta wannan labari da ita ba. Gurbin da take rubutu da gogewa a ciki kalmomi 2,048 kacal yake ɗauka, hoto ɗaya na WhatsApp ya ninka shi sau da yawa. A wannan rana wata na'urar radar da ba a buƙatar ta wajen sauka ta riƙa damun ta da saƙonni marasa amfani, tana cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na lokacinta. Da Aldrin ya nemi ta nuna masa wasu ƙarin bayanai a allo, sai kaya suka fi ƙarfinta.

Amma masu rubuta manhajar a cibiyar MIT, inda Margaret Hamilton ke jagorantar sashen manhajar kumbon, a kan tsarin rabon aiki da Hal Laning ya ƙirƙiro, sun gina ta ne bisa zaton irin wannan rana za ta zo. Kowane aiki na da matsayinsa. Idan abubuwa suka cushe, kwamfutar za ta zubar da komai, ta sake tashi cikin ƙiftawar ido, ta ɗauko ayyukan da rai ya rataya a kansu daga inda ta tsaya, wato sarrafa injin da lissafin hanya, ta bar na ƙasa da su. Lambar 1202 ba kukan mutuwa ba ne. Sanarwa ce cewa ta sauke wasu kaya don ta ci gaba da tafiya.

Saura a samu mutumin da zai gane haka cikin daƙiƙu. Kwanaki kaɗan kafin tafiyar, a wani atisaye da aka yi a Houston, masu horarwa sun jefo irin wannan ƙararrawa da gangan, kuma jami'in da ke kula da kwamfutar kumbon, Steve Bales, ya ba da umarnin a fasa sauka. Aka gaya masa bai kamata ba. Shugaban tawagar, Gene Kranz, ya sa aka zauna aka bi kowace ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya. Wani matashin injiniya mai shekara 24, Jack Garman, ya rubuta su da hannu a takarda ya ajiye a kan teburinsa.

Da ta gasken ta zo, Garman ya duba takardarsa ya ce a ci gaba matuƙar ba ta riƙa zuwa babu ƙaƙƙautawa ba. Bales, mai shekara 26, ya amince. Sau biyar ƙararrawar ta kaɗa cikin mintuna kusan biyar, kuma kwamfutar ba ta saki linzami ko sau ɗaya ba har suka sauka.

Wannan ɗabi'a ta jawo matsala da gangan don a ga yadda za a yi da ita ta samu magada. A 2011 kamfanin Netflix ya yi bayanin wata manhaja da ya raɗa wa suna Chaos Monkey, wato biri mai hargitsi. Aikinta shi ne ta riƙa kashe kwamfutocin kamfanin barkatai, da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi ke ofis. Sakin biri cikin gonarka da hannunka abu ne da ke kama da hauka, amma janaretan da ba a taɓa tayarwa ba sai ranar da aka ɗauke wuta, babu wanda ya san ko akwai mai a cikinsa.

Kwamitin Lions ya ba da shawarwari da dama a kan Ariane. Daga ciki akwai cewa kada a bar wani sashen manhaja yana aiki a lokacin tafiya sai idan ana buƙatar sa, kada a yarda wata na'urar awo ta yi shiru gaba ɗaya, ta ci gaba da aiko da iyakar abin da take iyawa, sannan a riƙa ɗaukar kowace manhaja a matsayin mai kuskure har sai an tabbatar da akasin haka. An sa wa rahoton hannu ne ranar 19 ga watan Yulin 1996, shekara 28 daidai kafin safiyar CrowdStrike.

An sake ƙera taurarin Cluster, aka harba su bibbiyu a 2000 daga Baikonur a Kazakistan, a kan rokar Soyuz ta Rasha. Ita kuwa Ariane 5, bayan an gyara ta, ta zama ɗaya daga cikin rokokin da aka fi amincewa da su a duniya. Ta tashi sau 117 kafin a yi mata ritaya a watan Yulin 2023. Da NASA ta tashi harba na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda ta laƙume kusan dala biliyan 10 kuma babu ta biyunta a ajiye, Ariane 5 ce ta ɗauke ta, ranar 25 ga watan Disamban 2021, daga wannan dandamali na Kourou.